Wane biraya zan saya don sassaƙa lofe?

Tambaya: Ni masassaƙi ne, ina da injin juya itace a Kano. An nuna mini lofe irin na Turawa, aka ce in gwada yin irinsa. Na bincika na ga da itacen biraya ake yi, kuma masu sayarwa a intanet kowa yabon nasa yake: wannan ya ce nasa na Kosika ne, wancan na Aljeriya, wani ya ce nasa ya shekara 100 a cikin ƙasa. Wani guntun ya ninka wani kuɗi sau da yawa. Wanne zan saya? Kuma itacenmu na gida ba zai yi ba?

Amsa: Malam, sannu da aiki, Allah ya sa wa sana'a albarka. Kada ka sayi sunan ƙasa, kada kuma ka sayi shekaru. Abin da kake biyan kuɗinsa a biraya shi ne hannun mutumin da ya yanka itacen, ya dafa shi, ya busar da shi. In hannun nan ya ƙware, guntun da ba shi da wani ado zai ba ka lofe mai daɗin baki. In bai ƙware ba, ko daga wane tsauni aka tono itacen, ko zanensa ya kai me kyau, kyan ɗan maciji ne. Don ka ga dalilin da ya sa na faɗi haka, sai ka fara sanin itacen kansa.

Biraya ba katako ba ne irin wanda ka saba samu daga gangar jikin bishiya. Wata ƙaramar bishiya ce mai tarin rassa, masana tsirrai na ce mata Erica arborea, tana fitowa a gangaren tsaunuka masu duwatsu da ke kewaye da Bahar Rum: Italiya, tsibiran Kosika da Sadiniya, kudancin Faransa, Sifen, Girka, Aljeriya da Maroko. Tsayinta galibi daga mita 1 zuwa 4 ne, ganyenta sirara, furanninta farare ƙanana. Tana fitowa har a tsaunukan Habasha da na Kamaru da Tibesti a arewacin Chadi, sai dai kasuwar lofe ba daga can take samun kayanta ba. Rassan ba su da amfani ga mai lofe. Abin da ake nema yana binne, daidai inda saiwa ta haɗu da kara, wani ƙullutu ne mai tauri da kan kai girman kan mutum ko ya fi. A nan bishiyar ke ajiye ruwa da abinci saboda rani, kuma in gobarar daji ta cinye samanta, daga ƙullutun nan take sake tohowa. Cike yake da idanun toho da ba su kai ga fitowa ba, shi ya sa jijiyarsa take a cure, a sarƙe da juna. Wannan sarƙewar ita ce darajarsa. Garwashi zai zauna a cikinsa bai kama da wuri ba, zafi ba ya saurin tsaga shi, yana ɗan shan danshin hayaƙi, kuma in an gyara shi da kyau ba ya sa wa taba wani ɗanɗano nasa.

Kafin a waye da shi, Turawa da lofen yumɓu suke sha, ko na wani farin dutse mai laushi da ake haƙowa a Eskişehir ta ƙasar Turkiyya, ko na itatuwa irin su ceri. Yumɓu yana ƙona hannu kuma yana fashewa, farin dutsen ga tsada ga saurin karyewa, itatuwan kuma suna ƙonewa tare da tabar. A shekarun 1850 ne masu juya itace na garin Saint-Claude, a tsaunukan Jura na Faransa, suka koma kan biraya, daga nan sana'ar ta bazu zuwa Landan da Italiya da sauran wurare.

To, ga inda aikin yake. Ana tono ƙullutun a lokacin sanyin ƙasashen da yake fitowa, da diga da gatari, a datse saiwoyi da rassa. Daga ranar da ya fito daga ƙasa har ranar da zai hau zarto, ba a yarda ya bushe ba. Ana tara shi a inuwa, a rufe da ƙasa ko a yi ta yayyafa masa ruwa, wani lokaci har watanni, saboda in ya bushe a dunƙulensa tsagewa zai yi ta ko'ina. Sai mai yanka ya zauna gaban wani babban zarto mai juyawa, ya raba ƙullutun biyu, ya duba cikinsa. Sau da yawa tsakiyar ta ruɓe, ko tururuwa sun yi gida, ko itacen ya haɗiye tsakuwa lokacin da yake girma. Duk wannan zubarwa ake yi, kuma abin da ake zubarwa ya fi abin da ake samu yawa nesa. Mai yankan ba ya aiki da ma'auni kawai, karanta itacen yake yi: ina jijiya ta nufa, ina tsaga take, ta ina zai bi ya fitar da guntu mafi girma mai tsabta. Yanka ɗaya in ya karkace, guntun da zai zama na farko a daraja ya koma na uku. Irin waɗannan mutane ba su da yawa yanzu. Wanda aka fi sani a cikinsu shi ne Domenico Romeo, da ake kira Mimmo, a garin Taggia na yankin Liguriya a Italiya, kuma manyan masassaƙan lofe daga ƙasashe da dama kan je har wurinsa su zaɓi kaya da idonsu.

Bayan yanka sai dafuwa. Ana zuba guntayen a manyan tukwane, bisa al'ada na jan ƙarfe, saboda baƙin ƙarfe yana haɗuwa da ruwan itacen ya baƙanta shi. A tafasa su awanni da yawa, galibi daga 12 zuwa kusan 24, ruwan ya koma ja-ja mai duhu. Abin da ya fita cikin ruwan nan, wato ruwan jikin itacen da sinadarinsa mai bauri, shi ne zai dame ka in ya rage. Dafuwar kuma tana sassauta itacen, ta rage masa son tsagewa. Daga nan sai busarwa a rumfa, babu rana, babu iska mai ƙarfi, ana juya su, ana lura da su, watanni da yawa. Masu yin lofe na kirki ma in sun saya ba sa taɓawa nan take, sukan ƙara ajiyewa shekara ɗaya, biyu ko fiye.

Kowane mataki a cikin waɗannan yana da irin ɓarnar da yake bari in an yi masa gaggawa, kuma babu wadda hoto zai nuna maka. Wanda bai dahu ba, lofensa ɗaci da tsami zai yi ta yi a baki, kuma ko an daɗe ana sha ba lallai ya daina ba. Wanda aka busar da sauri, wajensa lafiya lau, cikinsa kuwa tsaga ce siririya, ba za ka gan ta ba sai ka gama wahalar huda da sassaƙa. Wanda aka jibge inda iska ba ta ratsawa, fumfuna yake yi, warin rima ya shige shi har ciki. Wanda aka sayar tun bai gama bushewa ba, bayan ka huda shi zai ci gaba da tsukewa, ramin da ka yi wa bakin lofe, wato ɓangaren da ake sawa a baki, ya matse ko ya karkace, wuyan ya tsage. Shi ya sa in ka rubuta wa mai sayarwa, tambayoyin da za ka yi masa su ne: wa ya yanka, yaushe aka dafa, tun yaushe yake ajiye. Mai kayan kirki yana da amsar waɗannan a bakinsa. Wanda ya kauce ya koma ba ka labarin tsaunukan Kosika, ka nemi wani.

Maganar ƙasa ba ƙarya ce gaba ɗaya ba. Masu sana'a sun daɗe suna cewa na Aljeriya ya fi laushi da rashin nauyi, na Kalabiriya a kudancin Italiya ya fi tauri. Akwai ma tarihi a bayan sunan da na Aljeriya ya yi. Wajen 1917 kamfanin Dunhill na Landan ya fito da lofe mai suna Shell, wanda ake fesa wa yashi da ƙarfin iska, yashin ya cinye sassa masu laushi ya bar masu tauri a tsaye. Birayan Aljeriya, saboda laushinsa, yana ba da kaushi mai zurfi mai kyan gani a wannan aiki, kuma tsofaffin lofen Shell har yau ana neman su. Yaƙin neman 'yancin Aljeriya, daga 1954 zuwa 1962, ya dagula fitar da itacen, sunansa kuma ya ƙara tsada a bakin mutane. Amma ka lura da abu biyu. Na farko, masu yanka suna sayen ƙullutu daga yankuna daban-daban, don haka idan an ce maka guntu na Italiya ne, mai yiwuwa inda aka yanka shi ake nufi. Na biyu, bishiyar da ta girma a busasshen gangare mai duwatsu da wadda ta girma a kwari mai laima, ko da a gari ɗaya suke, bambancinsu zai iya fin na ƙasa da ƙasa. Kai, a ƙullutu ɗaya ma gefen nan ba ya zama kamar wancan. Ni dai a ganina, mutumin da ya ce zai ɗanɗana hayaƙi ya gaya maka ƙasar da itacen ya fito, yana faɗin abin da ya fi ƙarfinsa.

Shekaru kuwa iri biyu ne, kuma masu talla da gangan suke cakuɗa su. Akwai shekarun da bishiyar ta yi a ƙasa. Kafin ƙullutu ya kai girman da za a yanki lofe a jikinsa, yakan ɗauki kamar shekara 30 zuwa 60, don haka duk guntun da ya zo hannunka tsoho ne, ba sai an rubuta maka ba. Wanda ya wuce haka sosai yakan yi girma, amma yakan zo da ruɓaɓɓen ciki, kuma babu wata takardar haihuwa da ke bin sa daga daji. Sai kuma shekarun da guntun ya yi a ajiye bayan dafuwa. Waɗannan ne suke da amfani, kuma su ne ake iya sani.

Yanzu zane, wanda shi ne ke ninka farashi. Jijiyar ƙullutu daga tsakiya take tashi ta nufi ɓawo ta kowace fuska. Ɗauki tsintsiya ka duba: ta gefe layuka za ka gani a jere, ta gindinta inda aka datse kuwa ɗigo-ɗigo za ka gani. Haka biraya yake. Fuskar da ta bi tsawon jijiya tana nuna layuka. In sun miƙe sun matsu da juna, wannan ne mafi tsada. In sun ɗan bazu suna karkata, ana ce musu harshen wuta. Fuskar da ta datse jijiyar kuma tana nuna ƙananan zagaye da ake kira idon tsuntsu. Kowane guntu mai jijiya yana da duka biyun, sai dai ta ina aka yanka shi.

Yanka iri biyu za ka gani a kasuwa. Akwai filato, wanda ake cirowa daga gefen waje, a bar masa ɓawonsa mai ƙurji-ƙurji a sama. A nan jijiya ta fi daidaita. In ka sa bakin tukunyar lofen, wato kan da ake zuba taba a ciki, ta fuskar ɓawon, layuka za su tsaya daga ƙasa zuwa sama kewaye da tukunyar, idon tsuntsu ya fito a sama da gindi. Akwai kuma eboshon, guntu mai kusurwa da aka riga aka ba shi kusan siffar lofe, babu ɓawo, jijiyarsa yadda ta zo. Wani eboshon akan yanka shi a gicciye, layuka su bi ta gaba da baya, idon tsuntsu ya cika gefe biyu na tukunyar, kuma wannan in ya yi kyau ba ya jin kunyar filato. A jerin kayan masu sayarwa za ka ga harafin M a kan eboshon da aka yanka don miƙaƙƙen lofe, R kuma a kan mai tsayi wanda aka yanka don lanƙwasasshe, lambar da ke biye tana nuna girma. Darajojin da suke rubutawa, irin su ekstira da na ɗaya da na biyu, kowane mai yanka da nasa ma'aunin, kada ka kwatanta ekstiran wannan da na wancan.

Tsadar filato tana da asali. A da, masana'antu suna zuba eboshon a inji ne ya fitar da siffa ɗaya, zane ya faɗo yadda ya ga dama. Daga shekarun 1950 Sixten Ivarsson, haifaffen Suwidin da ya yi aikinsa a Kwapanhagan, da waɗanda suka koya a hannunsa, suka juya abin: itacen ake fara dubawa, a bi jijiyarsa a fitar da siffa, sannan a huda. Masu wannan salon su ne ke neman filato mai tsabta ruwa a jallo. Ni ma ina son kyakkyawan zane, kuma babu abin da ya kai ganin layuka sun fito bayan an shafa rini an goge. Amma zane na ido ne. Eboshon mai hargitsattsen zane da aka dafa da kyau zai sha daidai da filato mafi tsada daga tukunyar dafuwa ɗaya. Wurin da kawai rashin zane ke nuna matsala shi ne inda ka ga fili fetal, babu layi babu ɗigo, launinsa ya koɗe. Sau da yawa wannan ɓangaren kara ne ya shigo cikin yankan, kuma yakan fi laushi. Kada ka bari ya faɗo a bangon ramin taba.

Kafin ka yi oda, zana lofen da kake so a takarda da ainihin girmansa. Ramin taba na yau da kullum faɗinsa milimita 19 zuwa 20 ne. Bangon da ke kewaye da shi kada ya gaza milimita 6 ko 7 bayan ka gama gogewa, in ba haka ba tukunyar za ta yi zafin da ba a iya riƙewa, kuma nan ne wuta ke fara cin itace. Ka ga ke nan faɗin tukunyar da aka gama ya kai milimita 31 zuwa 34 ko fiye, guntun kuwa ya kamata kaurinsa ya kai 40 zuwa 45, don ka sami wurin kauce wa aibi in ya fito. Hanyar hayaƙi, wadda yawanci milimita 4 ce, dole ta faɗo daidai gindin ramin, a tsakiya. Sayen guntun da ya yi wa zanenka cif-cif kuskure ne, domin biraya kullum sai ya sa ka rage wani wuri.

In kayan sun iso, ga yadda nake duba su. A fara goge fuskokin da sanfefa, a shafa ɗan ruwa ko sifirit, zanen zai fito fili na ɗan lokaci, tsaga ma haka, domin ita takan riƙe danshi bayan sauran wurin ya bushe. A duba fuska shida duka, a bi layin jijiya daga wannan gefe zuwa wancan a ga ko ta miƙe ko ta murɗe a ciki. A shinshina: biraya mai kyau ƙamshin itace ne kawai mai sauƙi, babu warin rima. A ɗan kankaro gari a sa a harshe: in babu ɗanɗano ko akwai ɗan garɗi, madalla, in kuwa ya yi ɗaci ko bauri mai kama baki, dafuwarsa ba ta kai ba. A ɗaga guda biyu masu girma ɗaya, wanda ya fi nauyi sosai ko dai ya fi tauri ko bai bushe ba, kuma sikeli ne zai raba gardama, zan zo kansa. Launi daga ruwan ƙasa mai haske zuwa ja-ja duk daidai ne, abin gudu shi ne dabbare-dabbaren baƙi ko toka-toka da suka nutse cikin itacen.

Duk da wannan dubawa, sai ka shirya wa abin da ba ka gani ba. Itacen da ya girma cikin ƙasa yana haɗiye yashi da ɓawo, kuma za ka yi ta sassaƙa lafiya, sai a gogewar ƙarshe wani baƙin ɗigo ko ƙaramin rami ya bayyana a gefen da ya fi kyau. Wannan ba laifin mai sayarwa ba ne, babu mai ganin cikin itace. Abin da za ka koya shi ne wane aibi ne na ido, wane ne na lafiyar lofen. Ɗigon yashi a wajen tukunya ba ya hana komai. Masana'antu suna cike shi da foti, wato kwaɓin toshe rami, su rufe da rini mai duhu, sai dai foti ba ya canza launi tare da itace, bayan an daɗe ana sha sai ya fito ya tona asiri. Na fi son a bar ƙaramin ɗigo yadda yake, in kuwa sun yi yawa a sassaƙa wa jikin lofen kaushi da gangan, ko a fesa masa yashi in akwai injin. Amma tsaga ko rami a cikin ramin taba, ko wanda ya ratsa bango daga ciki zuwa waje, ko a wuya inda bakin lofe ke shiga, wannan guntun ya tashi daga aiki. Kada ka toshe shi da gam ka sayar wa mutum, wuta za ta same shi, kuma hayaƙin gam ɗin cikin bakinsa zai shiga.

Akwai abin da mai sayarwa a Turai ba zai tuna ya gaya maka ba, saboda bai san Kano ba. Itacen da suke cewa ya bushe, da iskar bakin Bahar Rum ya daidaita. Hunturunmu kuwa danshin iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Guntun da ya sauka a Disamba ko Janairu, ka kwance shi ka ajiye a shago iska na kaɗawa, wajensa zai bushe da sauri cikinsa bai bi ba, sai tsaga. In da hali, ka sa kayan su iso da damina. In ba hali, ka bar su cikin kwalinsu a ɗaki mai sanyi, a naɗe da takarda ko a binne cikin garin katako, nesa da rana da kwanon rufi. Ka sami ƙaramin sikeli mai auna giram, ka rubuta nauyin kowane guntu a jikinsa da fensir, ka riƙa aunawa duk mako. Muddin nauyin na sauka, kada ka taɓa shi. In ya tsaya cak makonni a jere, ya saba da iskarka, sai ka huda. Ka kuma tuna lofen da ka haɗa wa baki da damina zai iya matsewa ko sassautawa da rani, don haka kada ka yi wa mahaɗar matsi mai tsanani.

Batun itacen gida, tambaya ce mai kyau, kuma ba kai ka fara yin ta ba. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da hanyar Bahar Rum ta toshe, masu yin lofe a Amurka sun koma tono ƙullutun wasu bishiyoyinsu, manzanita a Kalifoniya da wasu na tsaunukan Karolina ta Arewa. Da yaƙi ya ƙare biraya ya dawo, kusan duk suka koma masa. Har yau ana yin lofe da zaitun, da ceri, da itacen fiya irin ta Turai, da wani baƙin itacen oak da ya daɗe binne a fadama, har da totuwar masara, wadda wani kamfani a jihar Mizuri ke yi tun 1869. Ke nan biraya ba shi kaɗai ba ne, shi ne dai ya fi haɗa juriya da rashin ɗanɗano. Itatuwanmu masu tauri irin su ƙirya da kanya da marke suna da kyau ka koyi huda da siffa a kansu, ka ɓata goma ba ka yi asarar kuɗin waje ba. Amma tauri kaɗai ba ya sa itace ya dace da wuta da baki. Maɗaci sunansa ya gaya maka abin da zai yi wa harshe. Gwaska da samberu guba ne, ko kusa kada su zo. Duk katakon da aka yi wa feshin maganin gara, ko aka shafa wa fenti ko baƙin mai, shi ma haka. Itacen da ba ka da tabbacin lafiyarsa, ka yi samfuri da shi ka ajiye a kanta, kada a zuba masa taba. Ka kuma sa takunkumi lokacin gogewa, ƙurar biraya laushi gare ta, tana shiga ƙirji.

Tun da maganar lafiya ta zo, wajibi ne in faɗa maka wannan, domin za ka ji masu saye suna cewa lofe ya fi sigari sauƙi saboda itacen yana tace hayaƙi. Biraya yana shan ɗan danshi ne kawai. Ba ya cire nikotin, ba ya cire abin da ke jawo sankarar baki da maƙogwaro da huhu. Kada ka sayar da aikinka da wannan magana.

Da ni ne kai, a odar farko ba zan sayi filato ko ɗaya ba. Zan nemi mai yanka ko dillalin da ya iya gaya mini shekarar da aka dafa kayansa, in sayi eboshon matsakaita masu daraja ta biyu, kamar guda 6 zuwa 10, yawancinsu M, tun da miƙaƙƙen lofe ya fi sauƙin huda, kuma kuɗin aikowa a kan guda ɗaya ba ya biyan kansa. Zan haɗa da guda ɗaya ko biyu irin waɗanda aka riga aka huda aka sa musu baki, don in ga da idona yadda ramin taba da hanyar hayaƙi suke haɗuwa. Zan sayi 'yan bakunan lofe na roba mai tauri a oda ɗaya, da ɗan kakin karnuba, wani kaki mai tauri, na gogewa. Duka daga hannun mutum ɗaya, saboda in lofen ya yi ɗaci in san daga ina matsalar take. Sai ranar da na huda guda uku a jere hanyar hayaƙi na faɗowa daidai gindin rami, sannan in rubuta masa ya zaɓo mini filato, in aika masa da zanen lofen da ma'auninsa, in ce ya turo hoton fuskokin guntun a jiƙe kafin in biya.